Fararen Gurabe a Littafin Alhaji Mu'azu

Ku yaran yanzu, idan kun shigo shagona da waya a hannu kuna cewa, "Anti, fitarwa kawai za ki yi, na riga na gama komai," dariya kuke ba ni. A ganinku aikin mai buga takardu bai wuce danna maɓalli ɗaya ba, takarda ta fito da ɗuminta, a miƙa muku ku yi gaba. To tunda an ɗauke wuta, janareta kuma sai ya huce, ku gyara zama in ba ku labarin sana'ar da kuke rainawa. Sunana Mairo. Daga Malali har Kawo, Anti Mairo mai tafireta aka sani, ko da yake rabona da tafireta tun kafin a haifi yawancinku.

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin masu buga takardu na ma'aikatar da na fara, kan takarda ne kawai, layi ɗaya tak, in ajiye shi a tsakiyar shafi. Wuni guda na yi a kansa. A tafireta babu mai kai miki rubutu tsakiya, ke za ki ƙirga haruffan, ki raba biyu, ki ja baya, sannan ki fara bugawa. Shugabarmu a lokacin, Hajiya Turai, ba ta zagi kuma ba ta ɗaga murya. Takardar kawai za ta ɗaga ta nuna wa taga, ta kalle ta, ta kalle ki, ta ajiye miki. Wannan kallon ya fi mari ciwo. A hannunta na koyi jera kabon, baƙar takardar da ke fitar da kwafi, tsakanin takardu, na koyi cewa kuskure ɗaya a sama kuskure ne a duk na ƙasa, kuma kowanne sai kin bi shi kin gyara da hannu. Yatsunmu kullum baƙi ƙirin, har gida ake gane wace ce ta yi aiki ranar. Amma akwai kwanciyar hankali guda a wancan zamanin: abin da kika gani a takarda shi kowa zai gani, ko a Legas aka kai ta.

Da kwamfuta ta zo na koya da girmana, 'yan yara suna yi mini dariya ina riƙe maus da hannu biyu. Na yi ritaya, na kama wannan shagon, na sayi waccan kwamfutar tebur da kuke kira kaka. Kaka ce, na yarda. Sai dai ta san hannuna na san halinta, kuma ba ta taɓa kunyata ni a gaban kwastoma ba, sai da tabulet ya shigo gari.

Akwai wata ɗaliba da ta kawo mini furojet ɗinta, ta rantse ta maya cewa ta jera komai a tabulet ɗin yayanta. Ta nuna mini, lallai kuwa tsaf yake. Da na buɗe shi a nan, jadawalin da ke shafi ɗaya ya tsage biyu, lambobin shafi suka haura sama, wurin sa hannun malaminta ya gangara ya zauna shi kaɗai a wani farin shafi. Ta ce kwamfutata ce ta lalata mata aiki. Na ce 'yar nan, babu abin da ya lalace, fayil ɗaya ne, idanun da ke kallonsa ne biyu. Manhajar rubutu da ke cikin tabulet da wadda ke cikin kwamfutar tebur sunansu ɗaya, halinsu daban. Salon haruffan da wannan ke da shi, waccan ba ta da shi, sai ta ari wani ta saka, layi ya ƙara tsawo, komai ya ture na gabansa. Akwai kuma abin da tabulet ke iya ajiyewa a cikin fayil wanda tsohuwar manhaja irin tawa ba ta san shi ba sam. Ba ta jefar da shi, ba ta kuma nuna shi. Wuri kawai take bar masa. Rabin aikina yanzu shi ne sasanta waɗannan biyun, kuma babu makarantar da ke koyar da shi.

Shekarar da ta fi kowace muni a wurina ba shekarar da aka kulle gari saboda annoba ba ce, wadda ta biyo bayanta ce. Mutane sun zauna a gida sun koyi yi wa kansu, ofisoshi suka fara karɓar takarda ta waya. Masu irin sana'ata a layinmu suka watse, ɗaya ya koma sayar da katin waya, ɗaya ya mayar da shagon wurin aski. Sai in wuni a nan ina jin ƙarar fanka, babu wanda ya leƙo ko da tambayar hanya. Aiki ɗaya ne ya hana ni rufe ƙofa, littafin Alhaji Mu'azu.

Alhaji Mu'azu tsohon ma'aikacin ruwa ne, asalinsa Rigachikun, gidansa yana nan Malali ba nisa da shagon. Tarihin zuriyarsu yake rubutawa saboda jikoki, wane ya haifi wane, daga ina aka taso, wace gona ce ta wa. Duk Asabar yakan zo da takardunsa a cikin leda, ya ja waccan kujerar, ya zauna a bayana yana numfashi a kafaɗata. Mutum ne mai tsantseni har ya gaji da kai. In na matsar da suna ɗaya don layi ya yi kyau, sai ya ce in mayar, wai babba ba ya zama a ƙarƙashin ƙaninsa ko a takarda. Mun sha faɗa, mun sha dariya. Wata rana yana tattara ledarsa zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malama Mairo," ya ce, "idan na riga littafin nan, ki fitar da shi yadda na bar shi. Kada ki ƙara, kada ki rage. Amana na ba ki."

Na ce Allah ya ba da tsawon rai, shi zai raba shi da hannunsa. Amma na karɓa, kuma na san na karɓa.

Ba a daɗe ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, ɓangaren dama, harshensa ma ya yi nauyi. Babban ɗansa Kabiru, wanda ke aikin ofis a cikin gari, ya saya masa tabulet don kada zaman gida ya kashe masa zuciya. Ya zo nan ya haɗa fayil ɗin littafin da kwamfutata ta yanar gizo, yadda duk abin da Alhaji ya taɓa a can zai iso nan, abin da na gyara a nan ma ya isa can. Alhaji bai taɓa yarda ya kira shi tabulet ba, allo yake ce masa, mu ma muka bi shi.

Gurbi na farko na gan shi ne a shafin da ya kawo 'ya'yan kakansa. Layukan rubutu sun taho daidai, sai suka rabe gefe suka bar wani farin wuri mai faɗin tafin hannu, sannan suka haɗe a ƙasa suka ci gaba. Na kai maus na danna wurin. Kusurwoyi huɗu suka bayyana, alamar akwai abu, amma cikinsu fari fat. Na buga waya gidan, matarsa Hajiya Kulu ta ɗauka, ta kara masa a kunne. Na tambaye shi ko hoto ya saka bai fito ba. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, abin da na iya tsinta kawai shi ne, "Bar shi." Na bari. Guraben suka ci gaba da ƙaruwa, nan ɗaya can biyu, har da wani babba a shafin ƙarshe da ya kusa cinye rabin shafin. Na ce a raina hotunan kakanni ne, ranar fitarwa ma san yadda za mu yi.

Da farkon damina Allah ya yi masa rasuwa. Na je gaisuwa, Hajiya Kulu ta shiga takaba. Da na dawo shago na kwafi fayil ɗin a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, na jefa a durowa, don haka nake yi wa duk aikin da mai shi ya gama sa hannu a ciki. Bayan an share makoki Kabiru ya zo ya ce yana so a haɗa littafin a kai maɗaba'a, ya zama a shirye ranar da mahaifiyarsa za ta fita takaba, tunda dangi za su taru daga Rigachikun, sai a raba wa kowa. Na ce ba damuwa, aikin ai ya ƙare.

Ranar da na zauna in daidaita shafukan, sai na ga littafin ya ƙara tsawo. Na ɗauka idona ne. Na zaro filas na buɗe kwafin da na ajiye, na jera su gefe da gefe. A shafin 'ya'yan kakansa, kwafina yana da gurbi ɗaya, wanda ke kan yanar gizo yana da biyu, sabon a ƙarƙashin tsohon. Na duba gaba, haka. Wani yana ƙara gurabe a littafin mutumin da na je gaisuwar mutuwarsa.

Ban gaya wa kowa ba, na ce bari in ga gudun ruwan abin. Washegari bayan la'asar hadari ya haɗu ta gabas, shagon ya yi duhu, layin ya yi tsit don kowa ya kwashe kayansa. Ina zaune fayil ɗin yana buɗe a gabana. Sai wani ƙaramin saƙo ya leƙo daga kusurwar sikirin, irin wanda ke zuwa idan an taɓa fayil daga ɗaya ɓangaren. Yana cewa Mu'azu ya gyara wannan fayil yanzu. Yanzu, ba jiya ba. Shafin ya ɗan ƙifta, sannan ina kallo da idona layuka suka matsa gefe, yadda mutane ke matsawa a kan tabarma idan wani ya shigo zai zauna. Wani sabon farin wuri ya buɗe.

Ni ba matsoraciya ba ce, na kwana da gawa, na yi wa gawarwakin mata wanka. Amma ranar tsikar jikina ta tashi. Na karanta duk abin da ya zo bakina. Na ji kamar in na waiwaya zan gan shi a kan kujerar nan yana jiran in matsar da suna ya ce in mayar. Ban waiwaya ba. Na kashe kwamfutar daga bango, abin da nake hana kowa yi, na kulle shago na tafi gida cikin yayyafi.

Na kira Kabiru na tambaye shi wa ke riƙe da allon. Ya ce babu kowa, yana cikin durowa a ɗakin Baba, ɗakin kuma a kulle. Makullin yana wurin Mama, amma Mama ko lambar waya ba ta iya ajiyewa, boko kuwa ba ta yi ba. Ya yi 'yar dariya ya ce tsofaffin gyare-gyaren Baba ne da suka maƙale a hanya saboda rashin netwok, yanzu suke isowa. Maganar tana da ma'ana, kuma na so in yarda da ita. Abin da ya hana ni shi ne, saƙon da ya maƙale ba ya zaɓen lokaci, wannan kuwa kullum bayan la'asar yake zuwa. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya lura na fara rufe shago da wuri, na ba shi labari, ya ce in mayar musu da aikinsu in huta. Na so in yi hakan. Sai in tuna mutumin a bakin ƙofa da ledarsa. Abin da ya fi damuna ma shi ne ban san wanne ne yadda ya bar shi ba, wanda ke cikin durowata ko wanda ke ƙaruwa a gabana.

Kwanakin takaba suka fara ja da baya, Kabiru ya zo da kansa wata ranar Alhamis, ya tashi daga aiki, la'asar ta ɗan gota. Ya ce ya nuna wa mai maɗaba'a abin da na fitar na gwaji, mutumin ya ce ba zai buga littafi da ramuka ba, asarar takarda ce, kuma sunan maɗaba'arsa za a zaga. Yana so in share guraben duka, rubutu ya haɗe.

Na gaya masa abin da mahaifinsa ya ce mini. Kabiru yaro ne mai ladabi, bai yi mini musu ba. Ya ce ya san Baba, ya kuma san zai faɗi haka, amma Baba rubutu yake nufi, ba wurin da babu komai ba. Mutum ne da hannunsa ɗaya ya mutu, yana laluben gilashi da hagu, dole ya riƙa dangwala abin da bai yi niyya ba. Ya ce, "Anti, ke da kanki kin danna kin ga babu komai a ciki. Me za mu rage?" Muka tsaya a kan a gwada ɗaya a gani. Ya nuna babban nan na shafin ƙarshe, ya ce shi ya fi cin wuri.

Na danna, kusurwoyin suka fito. Na share. Layukan suka rufe wurin nan take, shafin ya yi kyau, kyan da ya sa har na ji kunyar tsoron da na yi ta ji. Na adana. Kabiru ya ce to kin gani. Muna cikin neman na biyu aka ɗauke wuta, kwamfutar ta mutu, ya tashi zai taya ni ja janareta, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya ce Mama ce. Shagon shiru ne, ina jin muryarta sarai. Ba kuka take ba, da ma kukan ne da ya fi sauƙi.

"Kabiru," ta ce, "babanka ya goge rubutunsa. Ina kallo ya goge. Ko na yi masa laifi ne?"

Muka bar janareta a nan. Mai takaba ba ta fita, don haka mu muka je. Kabiru ya tsaya a falo yana neman abin faɗa, ni na wuce ciki. Na same ta a ɗakin Alhaji, zaune a kan darduma, allon a cinyarta, cajarsa a jikin bango. Ta ɗago ta gan ni, ba ta yi mamaki ba, ta matsa mini na zauna. Sai a lokacin na ga littafin da idon allon.

Babu gurbi ko ɗaya. Duk inda kwamfutata ta nuna fari, a nan rubutun hannu ne, da yatsa aka yi shi a kan gilashi, da ajami, manya-manyan haruffa masu karkarwa na mutumin da ke rubutu da hagu. Tambayoyi ne. Wa ta haifi Inna Hajo? Matar Baffa Isa 'yar wane gida ce? Yarinyar da ta rasu a goye a gidan Kawu, me sunanta? A ƙarƙashin yawancinsu akwai wani rubutun, ƙanana a natse, hannun da ya yi makarantar allo ya kuma riƙe abin da ya koya.

Ta yi mini bayani a hankali. Alhaji ya san sunayen maza tun daga kakan kakansa, amma da ya zo kan mata sai ya ga ba shi da su, ita ke da su, don ita ta zauna da tsofaffin gidan a Rigachikun tana amarya. Da maganarsa ta daina fita, sai ya riƙa rubuta mata tambaya a allon ya miƙa mata, da ajami tunda shi take karantawa. Lokacin ga jinya, ga masu zuwa dubiya, ga girki, sai ta ce masa bari anjima. Anjiman ba ta zo ba. Da ta shiga takaba gida ya yi shiru, ta ɗauko allon, ta same shi a buɗe inda ya bari, ta gwada yatsa ta ga yana kamawa. Shi ne kullum in ta idar da la'asar, lokacin da yakan miƙo mata, take zama ta amsa masa ɗaya ko biyu. Ba ta gaya wa yara ba, don kada su ce Mama ta fara taɓuwa. Ba ta kuma san abin yana zuwa ko'ina ba.

Na ce mata ba Alhaji ne ya goge ba, mu ne daga shago, don a wurinmu ba ya fitowa. Na yi ta maimaitawa har sai da na ga ta fahimta. Ta sauke ajiyar zuciya, amma fuskarta ba ta saki ba. Ta ce na shafin ƙarshe ba tambayar suna ba ce. Shi ne na ƙarshe da ya rubuta, kuma ita ce ta bar shi ƙarshe da gangan, kullum sai ta buɗe ta karanta kafin ta rufe allon. Yau ta gama da sunayen, ta buɗe shi za ta amsa, yatsanta yana sama, ya ɓace. Ba ta faɗi abin da ke ciki ba, ni ma ban tambaya ba.

Kabiru ya shigo ya durƙusa, ta miƙa masa allon. Ya daɗe yana jan shafukan da yatsa. Da ya gama, cewa ya yi daga allon za a fitar da littafin kai tsaye, yadda hannun Baba da na Mama za su fito duka, mai maɗaba'a ya ƙara takarda ko nawa ce. Sannan ya juyo ya tambaye ni ko wanda aka share zai dawo.

Gaskiya na faɗa masa, ban sani ba. Da wuta ba ta ɗauke ba, da maɓallin koma-baya ya isa, amma kwamfutar ta mutu ta manta. Saura kwafin da ke cikin durowata, kuma ba zan iya ɗora shi gaba ɗaya a kan na yanzu ba, don zai shafe duk amsoshin da Hajiya ta yi ta rubutawa tun farkon takaba. Hanya ɗaya ce, in ɗauko wannan gurbin shi kaɗai daga tsohon in dasa a sabon. Ko kwamfutata za ta ɗauko abin da ke cikinsa, ko kusurwoyin kawai za ta kawo ta bar rubutun, wannan ban taɓa gwadawa ba, kuma daga inda nake zaune babu yadda zan gane.

Muka koma shago da sauran haske. Kabiru ya ja janareta, kaka ta ɗauki lokacinta ta tashi. Ya kira mahaifiyarsa ya ajiye wayar a kan tebur a buɗe, ita tana can da allon a hannu. Na sa filas, na buɗe tsohon kwafin, na gangara shafin ƙarshe. Farin wurin yana nan. Tun da nake wannan sana'a ban taɓa ɗaukar abin da ba na gani ba, kuma ban taɓa jin nauyin aiki a hannuna kamar na ranar ba. Na yi bisimilla, na danna, na kwafa, na koma sabon, na nemi daidai layin da yake, na dasa. Layukan suka rabe. Na adana, na ɗauke hannuna daga maus.

Ba abin da ke fitowa daga wayar sai ƙarar ruwan sama a kan kwanon gidansu. Kabiru ya ce, "Mama?" Na fara shirya kalmomin ban haƙuri a raina.

"Ya dawo," ta ce.

Kabiru ya zauna a ƙasa, a nan inda kuke zaune. Babu wanda ya kashe wayar. Can sai saƙon nan ya leƙo daga kusurwa da sunan Mu'azu, shafin ya ƙifta, layuka suka sake matsawa, wani ƙaramin gurbi ya buɗe a ƙarƙashin babban. Ko da na san ko wace ce, sai da jikina ya yi sanyi.

Ta kira ni ta wayar. "Hajiya Mairo, kina ji na? A naki injin ba ya fitowa, ko?"

Na ce ba ya fitowa, Hajiya, fari ne kawai.

"To sauran shafukan ku fitar daga allon, jikoki su san iyayensu mata," ta ce. "Wannan shafin kuwa, a naki za ki buga shi."